Pedernales Electric Cooperative: Ƙungiyar Gama-kai ta Lantarki a Tsakiyar Texas

Pedernales Electric Cooperative, wadda aka fi sani da PEC, ƙungiyar gama-kai ce da ke rarraba wutar lantarki a tsakiyar jihar Texas ta Amurka. An kafa ta a 1938, hedikwatarta kuma tana garin Johnson City. A yawan mitoci babu ƙungiyar da ta kai ta girma cikin ire-irenta a Amurka: tana da sama da mita 400,000 a gundumomi 24, a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 21,000, wato ya ɗan ɗara jihar Kano. Abin da ya raba ta da kamfanin lantarki na 'yan kasuwa shi ne masu shan wutar su ne masu ita. Duk wanda aka ja wa wuta ya zama mamba, yana da ƙuri'a a zaɓen shugabanni, yana kuma da rabo a rarar kuɗin da ta rage bayan an biya ɗawainiya. Sunan daga kogin Pedernales aka ɗauko shi, kalmar Sifaniyanci ce mai nufin duwatsun ƙyastu da ke shimfiɗe a kogin.

Asali

A tsakiyar shekarun 1930, gida tara cikin goma a biranen Amurka na da lantarki, a gonaki kuwa da ƙyar ya kai ɗaya cikin goma. Kamfanoni sun yi lissafinsu sun ga babu riba a kafa turaku da jan waya mai nisan zango saboda gida ɗaya ko biyu. A yankin tuddai da ke yamma da Austin, babban birnin Texas, abin ya fi muni, domin ƙasar duwatsu ce, makiyaya da manoma kuma a warwatse suke. Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa: ɗiban ruwa da guga, girki da itace a tsakiyar bazara, wanki da hannu, guga da dutsen guga na ƙarfe da ake ɗorawa kan murhu, da dare kuma sai fitilar kananzir.

Ranar 11 ga Mayun 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai lantarki karkara, REA, majalisa kuma ta ba ta ƙarfin doka a 1936. Aikinta ba da rance mai sauƙin ruwa ga manoman da suka haɗa kai su ja wa kansu wuta. A daidai wannan lokaci hukumar kogin Colorado ta Texas, LCRA, wadda aka kafa a 1934, tana gina madatsun ruwa irin su Buchanan, don haka wutar tana kusa, hanyar kai ta gidaje ce babu.

A nan Lyndon Johnson ya shigo, ɗan yankin da aka haifa a gefen kogin Pedernales, wanda ya shiga majalisar wakilai a 1937 yana ɗan shekara 28. Shi da wasu makiyaya suka riƙa bin gonaki gida-gida suna neman mutane su biya dala 5 kuɗin shiga. A wancan zamani na karayar tattalin arziki dala 5 ba abin wasa ba ce, wasu kuma suna tsoron a ce gonarsu ce jingina idan bashi ya gagara biya. Ga wani cikas kuma: ƙa'idar REA ta ce sai an sami aƙalla gida uku a kowane mil na waya, yankin kuwa bai kai ba. Sai da Johnson ya kai kukan gaban Roosevelt da kansa aka sassauta ƙa'idar. A watan Satumban 1938 aka amince da rancen dala miliyan 1.3 don jan layi mai tsawon kusan kilomita 2,900 zuwa ga iyalai wajen 3,000, wuta kuma ta fara kamawa a ƙarshen 1939. Johnson ya zama shugaban Amurka a 1963. Garin Johnson City dai ba sunansa ya ci ba, sunan wani danginsa ne da ya ba da filin garin tun ƙarni na 19.

Yadda take aiki

PEC mai rarrabawa ce. Tana sayen wuta a sari, mafi yawa daga LCRA, ta sauke ta a tashoshinta, ta rage ƙarfinta da taransifoma, ta kai ƙofar gida. An raba yankinta gida bakwai, kowane na da darakta ɗaya da mambobi ke zaɓa na wa'adin shekara uku. Waɗannan daraktoci ne ke yanke farashin wuta da ɗaukar shugaban gudanarwa. Ƙuri'a ɗaya ce ga kowane mamba, ko mai ɗaki biyu ne ko mai masana'anta, tsarin da ƙungiyoyin gama-kai suka gada daga masaƙan garin Rochdale na Ingila tun 1844.

Tun da ba don riba aka kafa ta ba, abin da ya yi saura a ƙarshen shekara ana rubuta wa kowane mamba kasonsa gwargwadon wutar da ya saya. Ba nan take ake biya ba. Ƙungiyar na juya kuɗin wajen sayen turaku da wayoyi da gina tashoshi, maimakon ta ci bashi da yawa, sai bayan shekaru daraktoci su ga aljihu ya yi nauyi su mayar da wani kaso, galibi ta hanyar rage wa mamba kuɗin wutar wata guda.

Da Texas ta buɗe kasuwar lantarki ga gasa bisa dokar 1999, wadda ta fara aiki a 2002, an bar wa ƙungiyoyin gama-kai da kamfanonin birane zaɓin shiga ko ƙin shiga. PEC ba ta shiga ba. Mazaunin yankinta ba shi da wani mai sayar masa da wuta sai ita, makaminsa ɗaya shi ne ƙuri'arsa.

Rikicin 2007

Shekaru da dama wannan makami a kube yake. Kwamitin da shugabanni suka naɗa shi ke fitar da 'yan takara, ana tattara takardun wakilci daga mambobin da ba sa zuwa taro, daraktoci kuma su daɗe kan kujera ba mai ja da su. A 2007 wasu mambobi suka kai ƙara kotu a madadin sauran, suna zargin albashi mai kauri, da tafiye-tafiyen alfarma da kuɗin ƙungiya, da riƙe rarar da ya kamata a mayar musu. An sasanta a 2008 bisa sharaɗin mayar da dala miliyan 23 ga mambobi. A shekarar ce wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya yi zaman sauraron bahasi kan lamarin, a 2010 kuma kotu ta sami tsohon babban manajan ƙungiyar da laifin sata da halasta kuɗin haram.

Bayan haka aka buɗe zaɓe ga duk mamban da ya cika sharaɗi, aka buɗe zaman daraktoci da takardun ƙungiya ga mambobi. Har yanzu dai 'yan kaɗan ne daga cikinsu ke jefa ƙuri'a, matsalar da ta zama ruwan dare a ƙungiyoyin lantarki na Amurka, waɗanda yawansu ya kai wajen 900 suna ba mutum miliyan 42 wuta. Mutumin da ya tare a sabuwar unguwa sau da yawa bai ma san shi mai kamfani ba ne, takardar kuɗin wuta kawai yake gani.

Daga karkara zuwa bayan birni

Yankin da aka ƙi ja wa wuta saboda ƙarancin mutane, yau yana cikin wuraren da jama'a suka fi kwarara a Amurka. Austin da kewayenta na da mutum kusan miliyan 1.25 a 2000, a ƙidayar 2020 sun doshi miliyan 2.3. Tsakiyar birnin na hannun kamfanin birnin, Austin Energy, amma garuruwan da suka kumbura a gefensa da yawa na PEC ne. Cedar Park na da mutum 5,000 da 'yan kai a 1990, ta haura 77,000 a 2020. Kyle ta tashi daga wajen 5,300 a 2000 zuwa sama da 45,000 cikin shekara ashirin. Leander ta ninka fiye da sau biyu tsakanin 2010 da 2020, gundumar Hays kuma ta ƙaru da fiye da rabin yawanta a wannan tsakani. A can yamma ma ƙungiyar ta faɗaɗa, bayan haɗewarta da ƙungiyar Kimble ta garin Junction a 2000, inda har yau ake tafiya mai nisa tsakanin gida da gida.

Cunkoso na da daɗinsa ga mai rarraba wuta, domin kilomita ɗaya na waya da ke ciyar da gida hamsin ya fi wanda ke ciyar da gida biyu mayar da kuɗinsa. Wahalarsa ita ce sai an gina kafin mutane su iso. Tashar rarraba wuta na ɗaukar shekaru daga neman fili zuwa kunnawa, kuma bayan annobar korona taransifoma ta yi wuyar samu a duk faɗin Amurka. Sai kuma tambayar da ba ta ƙarewa a zaman daraktoci: wa zai biya? Idan aka zuba kuɗin sabon layi cikin farashin kowa, makiyayin Junction ya biya wa sabon gidan Leander ke nan. Shi ya sa ake ɗora wa masu gina rukunin gidaje da masu neman sabon layi wani kaso na kuɗin jan wutar.

Me ya sa mai sayar da wuta ke cewa a rage sha

Ɗan kasuwa ba ya cewa a rage sayen hajarsa, amma PEC na yi, kuma dalilin lissafi ne. Ba yawan wutar da aka sha a shekara ke tsada ba kamar yawan da aka ja a lokaci guda. Dole kowace waya da kowace taransifoma su iya ɗaukar nauyin sa'ar da ta fi kowace sa'a nauyi, ko da sau ɗaya take zuwa a shekara. A Texas wannan sa'a yammacin bazara ce, lokacin da mutane suka dawo gida, na'urorin sanyaya ɗaki duk suna ruri, ana girki ana wanki. Ranar 10 ga Agustan 2023 buƙatar wuta a layukan da hukumar ERCOT ke kula da su, waɗanda ke ɗauke da kashi 90 cikin ɗari na wutar jihar, ta haura megawat 85,000.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa abin ya shafi aljihu kai tsaye. A kowane wata daga Yuni zuwa Satumba ana duba minti 15 da jihar ta fi jan wuta. Kason da kowane mai rarrabawa ya ja a waɗannan lokuta huɗu shi ke yanke kason da zai biya na kuɗin manyan layukan dakon wuta a shekara mai zuwa. Sa'a ɗaya jimilla, ita ke yanke kuɗin shekara. Ba wanda ya san ranar da za ta faɗo sai bayan ta wuce, don haka ƙungiyar ke roƙon mambobi duk tsawon bazara su sassauta daga ƙarfe 2 na rana zuwa 7 na yamma. Kamfani zai iya ɗora kuɗin kan abokan ciniki ya wuce. A nan wanda ake ɗora wa da wanda ke ɗorawa mutum ɗaya ne.

Shawarwarin ba su da wuya. A saita na'urar sanyaya ɗaki kan digiri 25 zuwa 26 a bazara, a taimaka mata da fanka, a ja labule a tagogin da rana ke duka, a toshe kafofin da sanyi ke zurarewa, a sauya matatar iskar na'urar a kan kari. Injin wanki, na busar da kaya, famfon tafkin ninƙaya da cajin mota mai lantarki a bar su sai dare ko sassafe. Na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi su suka fi komai cin wuta a gidan Texas, sai tukunyar dafa ruwan wanka; abin da ƙwan fitila ke ci bai kai rabin rabinsu ba. Ga wanda ke son ya ga amfanin a takardarsa, akwai tsarin farashi mai bin sa'o'i, wuta ta yi tsada a lokacin cunkoso ta yi araha da tsakar dare. Mitocin zamani na aika karatunsu da kansu, mamba kuma na iya duba abin da ya sha kullum a manhajar SmartHub.

Sanyin 2021 da batun sola

A Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya daskarar da rijiyoyin gas da tashoshin samar da wuta a Texas. ERCOT ta umarci masu rarrabawa, har da PEC, su ɗauke wuta don kada layukan jihar su durƙushe baki ɗaya. Gidaje da shaguna sama da miliyan 4.5 suka shiga duhu, wasu kwana da kwanaki, hukumomin jihar kuma suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Farashin sari ya tsaya kan dala 9,000 kowace megawat a sa'a na tsawon kwanaki. PEC ba ta karye ba, amma ta ɗora wa mambobi ƙarin kuɗi na shekara biyu don cike giɓin. Brazos, ƙungiyar da a lokacin ke sayar wa wasu takwarorin PEC wuta a sari, ita kam sai da ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi. Tun daga lokacin kiran tsimin wuta ya haɗa da asubahin hunturu, domin gidaje da yawa a yankin da lantarki suke ɗumama ɗaki.

A wannan shekarar kuma aka yi ta ja-in-ja kan masu farantan sola a rufin gida, waɗanda ke tura rarar wutarsu cikin layin ƙungiya. Su suna ganin suna rage nauyin yammacin bazara, ya kamata a saya a hannunsu da daraja. Masu ɗaya ra'ayin na cewa waya da taransifoma na nan suna jiran mai sola da dare, kuma idan bai biya kasonsa ba maƙwabcinsa mara sola ne zai biya. Daraktoci sun rage farashin da ake lissafa wa rarar, ya koma kusa da abin da ƙungiyar za ta kashe da a sari ta sayo wutar.