Tsohon Gidan Limamin Epworth

Tsohon Gidan Limamin Epworth gini ne na tarihi a garin Epworth, cikin yankin Lincolnshire ta Arewa a ƙasar Ingila. An gina shi a 1709 domin limamin cocin St Andrew. Ya yi suna ne saboda a nan John Wesley da ƙanensa Charles, waɗanda suka kafa ɗarikar Metodis, suka yi ƙuruciyarsu.

Tarihi

Mahaifinsu, Samuel Wesley, ya kama limancin Epworth wajen 1695 zuwa 1697, ya riƙe har rasuwarsa a 1735. Gidan da ya tarar na katako ne mai rufin ciyawa. Zamansa da mutanen gari bai yi daɗi ba, ga kuma bashi da ya yi masa katutu, har aka tsare shi a kurkukun Lincoln a 1705.

A daren 9 ga Fabrairu 1709 gobara ta cinye gidan ƙurmus. Kowa ya fita sai John, yana ɗan shekara 5, wuta ta rutsa da shi a bene. Maƙwabta suka hau kafaɗar juna suka zaro shi ta taga, jim kaɗan rufin ya rufta. Har ya tsufa yakan kira kansa itacen da aka fizgo daga wuta. An zargi wasu 'yan gari da cinna wutar, amma ba a tabbatar ba.

Samuel ya sake gini a cikin shekarar, a kan kuɗi kimanin fam 400, abin da ya ƙara dulmuya shi cikin bashi. A sabon gidan ne matarsa Susanna ta ci gaba da karantar da 'ya'yanta, kuma wajen 1712, lokacin da mijinta yake Landan, ta riƙa tara jama'a ana addu'a a gidan ranar Lahadi da yamma. Daga Disamba 1716 zuwa farkon 1717 iyalin sun ce suna jin ƙwanƙwasa da motsi da dare, har suka laƙaba wa fatalwar suna Old Jeffrey. Masana sun saɓa kan musabbabin abin.

Tsarin gini

An yi shi da jan bulo, bisa salon zamanin Sarauniya Anne. Hawa biyu ne, da ɗakuna a ƙarƙashin rufi, rufin kuma na tayil ɗin yumɓu. Tagogin gaba dogaye ne, a jere daidai wa daida. Ba shi da ado mai yawa, amma a ƙaramin gari irin Epworth na wancan zamani babban gida ne. Limaman da suka biyo baya sun yi masa gyare-gyare.

Matsayinsa a yau

Limaman Cocin Ingila sun zauna a ciki har 1954, sannan aka sayar wa Cocin Metodis da tallafin mabiya ɗarikar na ƙasashen waje. Bayan gyara aka buɗe shi ga baƙi a 1957.

Yana mataki na ɗaya a jerin gine-ginen da doka ta kare a Ingila, matakin da bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na gine-ginen jerin ba. Ba a rushe irinsu ko a sauya musu fasali sai da izinin ƙaramar hukuma. Yanzu gidan tarihi ne.