Yadda Tarayyar Turai ke raba kuɗin raya yankunanta

Ƙasashe 27 na Tarayyar Turai kasuwarsu ɗaya ce, amma tazarar arziki tsakanin karkarar Bulgeriya da biranen Jamus ko Holan tana da faɗi ƙwarai. Sashe na 174 na yarjejeniyar gudanar da Tarayyar ya wajabta rage wannan tazara. A kan haka aka ware kimanin Yuro biliyan 392 daga 2021 zuwa 2027, kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafin Tarayyar. Mafi girman kaso yana bi ta Asusun Raya Yankuna da aka kafa a 1975.

Yanki-yanki ake yin awon, domin ƙasa ɗaya kamar Italiya tana da arewa mai arziki da kudu mai fama. Ana duba yawan abin da yanki ke samarwa a kan kowane mutum, a kwatanta da matsakaicin Tarayyar. Idan bai kai kashi 75 cikin 100 ba, Tarayya na iya ɗaukar har kashi 85 na kuɗin aiki, ƙasar ta cika sauran. Yankin da ya haura matsakaici kuwa, yawanci kashi 40 kawai ake biya masa.

Sharaɗin da ya fi jan hankalina ya fara aiki a 2014. Kafin yanki ya taɓa kuɗin bincike da ƙirƙira, dole ya rubuta tsari da ke nuna fannonin da ya fi ƙwarewa a kai. Hukumomin yankin su zauna da masu masana'antu da jami'o'i da ƙananan kamfanoni, su tantance 'yan fannoni kaɗan, a zuba kuɗin can. Dalilin a fili yake. Idan aka bar kowa da son ransa, kowane yanki zai ce shi ma zai gina cibiyar fasahar zamani, ko da ba shi da injiniyoyin da za su riƙe ta, kuɗi su watse a gine-ginen da babu kowa ciki. Yankin da ya gaji saƙa ko sarrafa amfanin gona ya fi cin riba idan ya sabunta abin da hannunsa ya riga ya saba da shi. A ganina wannan tunani daidai ne.

Inda nake da damuwa shi ne yankunan da suka fi buƙata su ne suka fi ƙarancin ma'aikatan da za su tsara ayyuka, su cike takardu, su tsallake binciken kuɗi. Kuma doka ba ta jira: kason shekarar da ba a nemi a biya ba cikin shekara uku bayanta, soke shi ake yi, yankin ya rasa.