Karaya a Lokacin Annoba: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen ƙashi a nan Legas. Da yake ina jin Hausa, duk ɗan'uwanmu da ya karye a Agege ko Mile 12, lambata ake ba shi. Bayan da korona ta ɓulla a garin nan ranar 27 ga Fabrairu 2020, tambayoyi iri ɗaya aka yi ta yi min a lokacin annobar. Ga su nan da amsoshin da na riƙa bayarwa a lokacin, a bar ni in yi barci.

Annoba tana hana ƙashi haɗewa?

A'a. Ƙashin babba yana ɗaukar makonninsa 6 zuwa 12, da annoba ko babu.

Me ya sa aka ɗage min tiyata?

Saboda taka tana iya jira. Da aka kafa dokar kulle ranar 30 ga Maris 2020, asibitoci sun jingine aikin da ba na gaggawa ba, irin su canjin gwiwa da cire ƙarfe. Gadaje sun yi kaɗan, masu ba da jini suna gida, likitan sa barci yana can wajen masu iskar oksijin. Ba don kai Bahaushe ne ba, Malam, a daina faɗin haka.

To tunda an ɗage, in tafi wajen mai ɗori?

Nan ne ba ni da amsa guda. Ya danganta da irin karayar, kuma ba a gane ta da ido, sai da hoto. Akwai tsagewar da ƙashi bai goce ba, wadda ko mu siminti kawai za mu sa, ta haɗe da kanta. Irinta ce ke sa a ce wane ya iya ɗori, ni kuma ba na musu. Amma in ƙashi ya huda fata, ko tsoho ya faɗi a banɗaki ƙugunsa ya karye, ko karayar ta shiga cikin gaɓa, wannan ba ta cikin abin da ake ɗagewa, ko a tsakiyar kulle. Ta tsoho ma so ake a yi tiyatar cikin kwana 2, don kwanciyar ce ke kashe shi. Na ga wani ɗan acaɓa da tsoron a killace shi ya sa ya ƙi zuwa asibitin ƙashi na Igbobi. Aka ɗaure masa ƙwauri da kara tamau. Ranar da aka kwance tsumman a gabana, yatsun sun yi baƙi kamar gawayi, wari ya cika ɗakin. In dai ka riga ka je, to ka lura: ciwo yana ƙaruwa, yatsu sun yi sanyi ko ba ka jin su, a kwance nan take a taho.

Dole sai an yi min gwajin korona kafin tiyata?

A lokacin annobar, dole ne. Wanda aka yanka yana ɗauke da cutar ya fi shiga haɗarin ciwon huhu. Shi ya sa a 2021 aka shawarci jiran mako 7 bayan kamuwa, in aikin ba na gaggawa ba ne.

Ba zan kwaso cutar a asibiti ba?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ki sa takunkumi, ki zo da mai jinya ɗaya. Ɗaya na ce, ba motar dangi ba.

An rufe wajen gashin ƙashi, in zauna haka nan?

Ka zauna gwiwar ta sandare? Motsin da aka koya maka, ka riƙa yi a kan tabarmarka safe da yamma.