Gyara wa maƙwabci gida don ya samu sauƙin shige da fice: tambayoyi da amsoshi

Mutum ya dawo daga asibiti a keken guragu bayan shanyewar ɓarin jiki ko hatsarin mota, sai matakala uku da ke ƙofar gidansa su hana shi fita sai an ɗauke shi. A irin wannan hali ƙungiyoyin coci kan tashi tsaye, su haɗa kuɗi da ƙarfi su gyara masa gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani, saboda haka da wuya a rasa irin wannan maƙwabci.

Daga ina ake farawa?

Daga bakin wanda za a yi wa aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum biyu ko uku su je su zauna da shi, su nemi ya nuna musu yadda yake tashi daga gado, yadda yake kai wa banɗaki, da inda yake maƙalewa. Sau da yawa masu sa kai suna zuwa da tunanin gina gangara a ƙofar gida, alhali abin da ya fi damun mutumin shi ne ƙofar banɗaki da kekensa ba ya wucewa. A ji ta bakin mai jinyarsa ma, da likitan da ke motsa masa jiki idan akwai. Amma shi ake yi wa tambaya, ba a riƙa magana a kansa yana zaune kamar ba ya wurin ba.

Me ya sa ake ta jaddada awon gangara?

Domin nan ne kyakkyawar niyya ta fi jawo ɓarna. Ƙa'idar da aka fi bi, wadda ke cikin sharuɗɗan gini na dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, ita ce 1 cikin 12: duk santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na tsawon gangara. A ce matakala uku ne, kowacce santimita 15. Tudun ya zama 45, gangarar kuwa sai ta kai mita 5.4. Mutane kan yi mamaki, su ce ai filin bai kai ba, sai su taƙaita ta zuwa mita biyu. Sakamakon shi ne mai keken ba ya iya hawa da kansa, in ya matsa sai ƙananan tayoyin gaba su ɗaga keken ya kife ta baya, wajen sauka kuma ya ƙwace wa mai turawa. Idan fili ya yi kaɗan, a karya gangarar gida biyu ta yi kwana, a bar shimfiɗaɗɗen wuri a tsakani.

Faɗinta kada ya gaza santimita 91. A sama, daidai bakin ƙofa, a bar wuri shimfiɗaɗɗe na kimanin mita 1.5, in ba haka ba mutum zai saki taya ya kama mabuɗi, keken ya gangara da shi. A sa ƙarfen dafawa a gefe biyu, da ɗan tudu a baki don kada taya ta zame. Kuma don Allah kada a goge simintin ya yi sumul saboda kyau, a ja tsintsiya a kansa tun yana ɗanye ya yi kaushi.

A cikin gida fa?

Banɗaki ne kan gaba, saboda ruwa da sabulu da santsin tayil. A kafa ƙarafan dafawa kusa da masai da wurin wanka, a tsayin santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa, a ɗaure su cikin ginin sosai yadda za su ɗauki nauyin babban mutum. Ƙarfen rataye tawul ba zai yi wannan aiki ba. Ƙofa tana buƙatar sararin da ya kai santimita 81 idan an buɗe ta, kuma gara ta banɗaki ta buɗe ta waje, don idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba. Sauran ba su da wuya: a rage dokin ƙofa, a kwashe ƙananan darduma da wayoyin da ke kwance a hanya, a ƙara fitila.

Wane aiki ne bai kamata masu sa kai su taɓa ba?

Fasa bango, jan wayar lantarki da sauya bututun ruwa. Waɗannan na magini ne da mai gyaran wuta da mai aikin famfo, kuma da wuya a rasa su a cikin ikilisiya. Sauran jama'a su yi kwaɓa, ɗauko kaya, fenti da shara. Mutum ɗaya ya riƙe awo da jagoranci, don in kowa ya zama injiniya gangarar za ta karkace.

Idan gidan haya ne?

A nemi amincewar mai gidan a rubuce kafin a fasa komai, a kuma bincika ko hukumar gine-gine ta yankin tana buƙatar izini. Idan ya ƙi, gangarar katako ko ta ƙarfe da ake iya cirewa ta wadatar.

To idan maƙwabcin ba ɗan cocin ba ne?

Ba ya sauya komai, a ganina ma ya fi kyau a faɗa masa ƙarara tun farko cewa babu wani sharaɗi a kan taimakon. Haka kuma batun hoto: kada a ɗauke shi a sa a Facebook, ko a ambaci sunansa a sanarwar ranar Lahadi, sai da yardarsa. In ya ce zai sayi siminti buhu ɗaya, a karɓa, kada a ce masa ya bari.

Yaushe za a ce an gama?

Sai shi da kansa ya hau ya sauka, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya shiga banɗaki ya juya kekensa, masu aikin na tsaye suna kallo ba tare da sun sa hannu ba. Bayan 'yan watanni wani ya koma ya girgiza ƙarafan dafawa, ya duba ko katako ya fara ruɓewa ko ruwa na kwanciya a gindin gangarar, ya kuma tambaya ko jikin ya sauya, domin mai sanda a bana yana iya komawa keke baɗi.