Lo bak go

Lo bak go abinci ne na kudancin ƙasar Sin, musamman lardin Guangdong da Hong Kong, wanda ake yi da garin shinkafa da gurjajjiyar farar saiwa mai suna daikon. Saiwar doguwa ce mai kauri, cike da ruwa, tana da ɗan yaji idan ɗanya ce, amma da ta dahu sai ta koma da zaƙi-zaƙi. Ana turara haɗin ne kamar alala har ya daskare, a bari ya huce, sannan a yanka a soya. Yana cikin ƙananan cimar da ake kira dim sum, waɗanda ake ci da shayi da safe zuwa rana.

A gidaje kuwa an fi yin sa a lokacin sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Lokacin sanyi ne, kuma a nan daikon ya fi zaƙi da ruwa. Iyalai kan turara da yawa a ajiye, a kai wa dangi, a riƙa yanka ana soyawa idan baƙi sun zo.

Garin da ake buƙata na shinkafar da ba ta danƙo ne. Garin shinkafa mai danƙo yana ɓata shi gaba ɗaya, domin ba zai yanku ba. Masu yi da yawa kan sa kusan giram 200 zuwa 250 na gari ga kilo 1 na daikon, wasu su ƙara ɗan sitacin masara don ya yi santsi. Kayan ɗanɗano su ne busasshen jatan lande, busasshiyar laimar kwaɗi irin shiitake, da lap cheong, wato niƙaƙƙen nama da aka ɗura a hanji aka busar. Lap cheong na gargajiya da naman alade ake yin sa, galibi har da giya a ciki, saboda haka Musulmi kan musanya shi da na kaza ko na sa, ko su bar nama su ƙara laimar kwaɗi. A Hong Kong ma akwai wurin cin dim sum na halal a cibiyar Musulunci ta Masallacin Ammar da ke Wan Chai.

Da farko ana jiƙa jatan lande da laimar kwaɗi, a yayyanka ƙanana, a soya tare da naman. Ruwan jiƙon ba a zubar da shi. Sai a gurza daikon, ko a yanka wani kaso sirara-sirara don a ji shi a baki, a dafa shi cikin ruwansa har ya yi laushi. A gefe guda a dama garin da ruwan jiƙon, a sa gishiri da farin masoro da ɗan sukari.

Wurin da gwaninta take shi ne haɗawa. Ana juye damammen garin a kan daikon tun yana da zafi, a yi ta juyawa har ƙullun ya fara kauri. Idan aka tsallake wannan, garin zai kwanta a ƙasan kwano, sama ta yi ruwa, ƙasa ta yi tauri. Yawan gari kuma yana kashe ɗanɗanon saiwar, kuma wannan ne aibin lo bak go mai arha: ya tsaya da kyau a faranti, amma shinkafa kawai ake ji. Mai kyau shi ne wanda da ƙyar yake riƙe kansa.

Ana shafa wa kwano mai, a zuba, a turara minti 45 zuwa awa 1. Idan aka soka tsinke a ciki don gwaji, ba zai fito tas ba ko da ya dahu. Abin dubawa shi ne kada a ga farin ɗanyen ƙullu. Yana buƙatar kwana a firij kafin a yanka shi da kaurin kusan santimita 1, a soya da ɗan mai har gefe biyu su yi ja.

A Singafo da Malesiya, Sinawa 'yan ƙabilar Teochew suna da nasu mai suna chai tow kway, wanda ake yanka gutsi-gutsi a soya da ƙwai da tafarnuwa.