Sassaƙen Bura ba rashin gwaninta ba ne

A Yamai, wasu in sun ga mutum-mutumin dutse na Bura, wani wurin tarihi a yammacin Nijar, sai su ce mai sassaƙar bai iya ba: ga kai zungurere, hanci layi guda, wani ma ba hannu ba ƙafa. Wannan magana tana ba ni haushi. Da gangan ya rage, ya bar abin da ido ke buƙata ya gane mutum. Dutse kuwa in ka fasa ba ya komawa, kowane sara sai da lissafi. A 1975 aka gano Bura, a yankin Tera, masanin kayan tarihi Boubé Gado ya tona wurin a 1983. Maƙabarta ce tun ƙarni na 3, kuma kawunan yumɓun da ke kan tulunanta ma wannan salon suka bi.