Maganar tarar riyal miliyan 30 kan sare bishiya

Tun makon jiya wani odiyo ke yawo a guruf ɗin 'yan uwa na Jidda da Makka, wai duk wanda ya sare ko reshe ɗaya a Saudiyya tarar riyal miliyan 30 ce da ɗaurin shekara 10. Har wani ƙaninmu mai gadin istiraha, wato gidan shaƙatawa, ya kira ni hankali a tashe, bishiyar dogon yaron da ke bakin katangarsu ta kusa taɓa wayar wuta, kafil, wato ubangidansa, ya ce ya rage mata kai, shi kuma yana tsoron kar ya kai gatari a kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

To lambar nan ba ƙarya ba ce, tana cikin dokar muhalli da aka fitar a 2020. Amma mai odiyon ya yanke maganar a tsakiya. Na farko miliyan 30 da shekara 10 iyaka ce ta sama, kotu ce ke yanke abin da ya dace, kuma tana iya yin ɗaya ta bar ɗaya. Na biyu a kan sare itace wannan hukuncin na wanda ya maimaita ne cikin shekara guda, ba wanda aka kama karon farko ba. Na uku, kuma nan ne aka fi ruɗewa, itatuwan da ake nufi su ne na filayen hukuma, daji da makiyaya da kwaruruka da wuraren da aka killace, irin inda masu itacen girki da gawayi ke shiga da daddare da motar ɗaukar kaya suna ƙarar da itatuwan ƙaya irin su samur da talh. Su aka yi wa dokar, ƙasar da ta sa wa kanta burin dasa bishiya biliyan 10 ba za ta zuba musu ido ba. Lemon da maigida ya shuka a tsakar gidansa ba ya cikin wannan lissafin. Kuma doka ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba, kowa ta hau kansa.

Bishiyar da ke bakin titi kuwa ta baladiyya ce, wato hukumar gari, ko da a ƙofar gidanka take, kira 940 ka shigar da balag, wato rahoto, kar ka taɓa. Wasu na kawo maganar itatuwan Harami, wannan hukuncin addini ne daban, kuma mafi yawan malamai sun ce abin da mutum ya shuka da hannunsa ba ya ciki.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro ma ba tarar ba ce, wayar ce. Layin da ke ratsa gonaki da unguwannin bayan gari yawanci volt 13,800 ne ko 33,000, irin wannan ba sai ka taɓa ba, kana matsawa kusa wuta ke tsallakowa, ɗanyen reshe kuma ruwa ne a cikinsa, balle ka ɗora tsanin ƙarfe. In reshe ya riga ya shiga waya ba aikin mai lambu ba ne, 933 ake kira masu kahraba, wato kamfanin wuta, su zo. Kuma in ka sare ya faɗo ya tsinke waya akwai wata doka dabam ta kare kayan amfanin jama'a, ita ce za ta sa ka biya tara da kuɗin gyara. A nan nake ganin akwai rashin adalci kaɗan, mai gona ne ya zaɓi bishiyar ya zaɓi wurin, amma ranar da abu ya lalace wanda aka samu da zarto a hannu shi ake fara tambaya, galibi ɗan uwanmu ne mai ƙaramin albashi. Don haka in an sa ka, ka ce a turo maka umarnin a WhatsApp, ka ajiye.

Asalin matsalar tun ranar dashe take. Muna son dogon yaro saboda inuwa, duk wanda ya tsaya Arfa ya sha inuwarsa, amma yana kai mita 15 zuwa 20. Bishiyar bazromiya da ake jerawa a katanga ga saurin tsawo ga saiwa mai bin bututun ruwa, a cikin gari kuma inda kebul ke ƙarƙashin ƙasa saiwar ce abin dubawa. Dabino ya fi su wahala, kai ɗaya gare shi, ba a yi masa aski a ce zai tofo ta gefe, in ya kai waya ko a ciro shi da saiwa a canza masa wuri ko ya mutu. A ƙarƙashin waya sa lalle, rumman, lemon tsami ko furen nan jahannamiyya, duk suna jure zafi kuma almakashin lambu ya ishe su. Manyan ka kai su nesa yadda ko iska ta kayar da su bayan sun girma ba za su kai falwaya ba. Ƙanin namu dai ya kira 933, ya ce sun ba shi lambar balag yana jiran su.